Shagon tsofaffin sulalla a kasuwar Lekki: ku sayi ƙullin Baba, amma ku kula da na cikin gilas

Jama'a ga wanda yake neman abin da zai haɗa shi da yaransa a gida ranar Lahadi wanda ba waya ba ba talbijin ba, akwai wani shago da nake so in yi bayani a kansa, a cikin kasuwar kayan gargajiya ta Lekki yake, wajen Jakande, can layin da 'yan uwanmu 'yan Arewa suke sayar da duwatsun wuya da kayan fata da tagulla. Mai shagon dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, kuma abin da ya kai mu wurinsa tsofaffin kuɗin ƙarfe ne, aninai da kwabbai da sulalla, waɗanda yake naɗewa a takardar jarida ƙulli ƙulli ba tare da ya tantance ba, ka saya ka je gida ka kwance ka ga rabonka.

Asalin abin yarana ne suka gani a YouTube, yadda iyalai a Amurka suke zuwa banki su karɓi kuɗin ƙarfe a naɗe, su zo gida su baje a tebur suna dubawa ɗaya bayan ɗaya. A can naɗin senti ɗaya guda 50 ne a ciki, akwati guda kuma na dala 25 ne, abin da suke nema shi ne tsohon senti mai zangarniyar alkama a baya wanda aka buga daga 1909 zuwa 1958, ko kuma 'yan senti 10 da 25 da 50 na 1964 zuwa baya tunda su kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Wanda ba su so sai su mayar banki a ba su kuɗinsu, kusan ba asara kenan. To yara suka ce Abba mu ma mu yi, na shiga bankin da nake ajiya na tambaya, yarinyar da ke kanta cikin ladabi ta ce ba su da shi, wani reshen ma amsar kenan. Kuma ba abin mamaki ba ne, kuɗin ƙarfen da suka rage a ƙasar nan kwabo 50 ne da naira 1 da naira 2 waɗanda Babban Banki ya fitar ranar 28 ga Fabrairu 2007, a doka har yau kuɗi ne amma je ka miƙa wa kwandastan danfo ko mai tumatir a Mile 12 ka gani. Ko da ma ka samu naɗin daga banki duk iri ɗaya ne, 2006 ce a jikinsu, babu abin tonowa. Shi ya sa ƙullin Baba ya zame mana madadin naɗin banki, kuma ni a ganina ya fi shi armashi nesa ba kusa ba, don abin da ke fitowa daga ciki namu ne.

Yadda yake yi, akwai yaran da suke kawo masa daga Arewa da kuma wajen masu gwangwan da masu rushe tsofaffin gidaje, wani a gwangwanin madara wani a tsohuwar jaka, sai ya zube a daro ya cire waɗanda idonsa ya faɗa kansu, sauran ya naɗe. Bai ɓoye wannan ba, da bakinsa ya ce min ɗana kar ka sa ran azurfa a ƙulli, in ta tsallake min to rabonka ce. Wannan gaskiyar tasa ita ta fara sa na yarda da shi. Farashin ƙulli ba shi da tsada kuma ana ciniki, in ka ɗauki da yawa yana ragi, in ka zo da yara kuma sai ya ɗebo naira 1 da naira 2 ɗin nan masu kala biyu ya ba su gyara, ya ce shi ba ya sa musu kuɗi tunda dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin naira kuma su har yanzu naira ne.

Abin da ya fi yawa a ƙulli kuɗin 1973 ne, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu. Kar ku raina su fa, don su suka fi sa yara tambaya. Rabin kwabo auduga ce a jikinsa, kwabo 1 rijiyar mai, kwabo 5 koko, kwabo 10 kwakwar manja, kwabo 25 kuma gyaɗa da dalar gyaɗa. Yarana a Agege aka haife su, Kano sai da sallah ko biki, ba su taɓa jin an tara buhunan gyaɗa sun yi tsiri har ana ɗaukarsu hoto ba, sai da babbar ta riƙe kwabo 25 tana tambaya wannan dutsen ina ne. Nan fa kakarsu Hajiya ta karɓe zancen, ta ba su labarin yadda ake kawo gyaɗa daga ƙauyuka a auna a ɗinke a jera, jirgin ƙasa ya kwaso ya kawo nan Legas ɗin da muke zaune a loda a jirgin ruwa, wallahi har aka kira magariba ba ta gama ba kuma ba wanda ya tashi neman waya. Wani abu da yaran suka gano da kansu, tambarin ƙasa na jikin na farkon rubutunsa gajere ne, Unity and Faith kawai, na baya kuma an ƙara Peace and Progress, yanzu duk wanda suka ɗauka sai sun juya sun duba wanne ne.

Bayan su sai na 1991, lokacin da aka mayar da kwabo 50 da naira 1 ƙarfe bayan da takarda ne. Kwabo 50 masara, naira 1 kuma hoton Herbert Macaulay, wanda titinsa na Yaba kullum muna bi amma yaran ba su san mutum ba ne mai tarihi, ɗan Legas ne da aka haifa 1864 ya rasu 1946. Waɗannan suna da yawa ƙwarai a ƙulli har sukan gundure ka, kuma su ne suka fi yin tsatsa saboda ƙarfe ne aka shafe, in ka kawo maganaɗisu sai su manne, na 1973 kuwa ba sa mannewa. Ƙaramin nawa aikinsa kenan yanzu, shi ne mai maganaɗisu, kafin a fara dubawa sai ya bi ya tsame masu mannewa gefe.

Amma inda daɗin yake shi ne masu huda. Ba kowane ƙulli ake samu ba amma ana samu, anini da ɗari (wato rabin kwabo) da kwabo na zamanin Turawa, masu rami a tsakiya da tauraro mai tsini 6 a baya. Waɗannan ba na Najeriya kaɗai ba ne, kuɗin bai ɗaya ne da Gana wadda a lokacin ake kira Gold Coast da Saliyo da Gambiya, akwai hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa 1912 ita ke kula da su. Abin da ya fi burge ni akwai rubutun Larabci a jiki, ƙimar kuɗin ce aka rubuta, yarinyata da ke Islamiyya ita ta karanto mana wahid a jikin kwabo, ranar kam ta yi ta jin kanta. Tunda rami ne a tsakiya babu hoton sarki, sunansa kawai ake zagayawa da shi, to sai ya zama wasa a gidanmu a jera sarakunan Ingila bi da bi, Edward na 7, George na 5, George na 6, sai Elizabeth. Akwai na 1936 mai sunan Edward na 8 wanda ya hau a Janairu ya sauka a Disamba na shekarar, a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba amma nan an saki, mun samu kwabonsa a ƙulli kuma Baba ya faɗa mana gaskiya cewa an buga su da yawa ba wani tsada gare su ba, duk da haka shi ne yaran suka fi ji da shi. In kun samu gilashin ƙara girma ku duba ƙananan haruffa, H ko KN, alamar masana'antar da ta buga ce a Birmingham ta Ingila, wasu kuma babu komai. Wanda muke nema har yanzu bai zo hannu ba shi ne aninin farko na 1907 da aka yi da alminiyum, mara nauyi, wanda bai jure yanayin nan ba aka canza masa ƙarfe, Baba ya ce in ya shigo ba zai sa shi a ƙulli ba kuma ban ga laifinsa ba.

Sai na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ya fitar da kuɗin ƙasar na kanta, an rubuta Federation of Nigeria. Ɗari da kwabo har lokacin da hudarsu, taro mai kusurwa 12 ruwan ɗorawa da auduga a baya, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, fataka da gyaɗa, su waɗannan huɗun da kan Sarauniya Elizabeth. Hajiya da su ta yi cefane tana amarya, saboda haka ita ce malamar lissafi, anini 10 kwabo, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 9 nai, kwabo 12 sule, sule 2 fataka, sule 20 fam, da aka yi canji kuma fam 1 ya zama naira 2 sule ya zama kwabo 10. Takan ce wa ɗan tsakiyan kai maigidana, in na ba ka fataka ka sayo min abin nai nawa ne canjina, shi kuma ya yi ta ƙirga da yatsu yana Hajiya tsaya tsaya. Yaron da lissafi ke ba shi wahala a makaranta ga shi yana cire 9 daga 24 don kar kakarsa ta ci shi, ni dai wannan kaɗai ya biya ni kuɗin ƙullin.

Baƙin kuɗi ma suna faɗowa, sefa ta Kwatano da Nijar ita ta fi yawa tunda ga Seme nan kusa kuma su har yau suna kashe kuɗin ƙarfe, sai halalar Saudiyya da alhazai ke dawowa da ita a aljihu, sai pesewa ta Gana jefi jefi. Mun ware musu gwangwani daban.

To yanzu inda nake da magana. Akwai akwatin gilas a gaban shagon inda yake jera na musamman, kuma nan ne mutum zai iya kashe kuɗi mai yawa a kan abin da bai kai ba. Na farko, yaron shagon yana goge wasu da man goge ƙarfe har su yi ta walƙiya saboda baƙi masu yawon buɗe ido sun fi son mai ƙyalli, alhali duk mai tara tsofaffin kuɗi ya san gogewa kashe su take yi, tana cinye zanen tana barin ƙananan karce, wanda aka goge darajarsa ta faɗi ko da shekarunsa sun fi 100. Na yi wa Baba magana na ce Baba don Allah a riƙa barin wasu yadda suka zo, ya ce ai kasuwa ce ɗana, mai saye shi ke faɗin yadda yake so, amma ya yarda in ka ce masa kana son wanda ba a taɓa ba zai shiga ciki ya ɗauko maka. Saboda haka ku tambaya, kar ku ɗauki na gaba.

Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci, manyan dalolin azurfa masu hoton mace, liyari, irin waɗanda iyayenmu mata suke sa wa a sarƙa ko a kai wa maƙera su narka su yi mundaye. Duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki, sai mutum ya ɗauka ya samu abin da ya shekara sama da 200. Ba lallai haka ba ne. Matar da ke jiki Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu, kuma tun daga nan aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canzawa saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasar Hausa shi suka sani shi suka yarda da shi, an buga a Landan an buga a Rum an buga a Bombay, a Viyana ma har yanzu ana bugawa. Kenan ko na gaske ne kuɗin azurfarsa za ka biya da ɗan abin da ba a rasa ba, ba kuɗin tsufa ba. Sannan akwai jabu da yawa, kuma a cikin gilas ɗin Baba na ga waɗanda ban yarda da su ba. Na gaske nauyinsa giram 28 ne, a kaurin gefensa akwai rubutu da ado da suka fito raɗau, na jabu da aka zuba a mazubi gefen a dushe yake, wani ma za ka ga layin haɗi, fuskar da ƙananan ramuka. Maganaɗisu ba ya kama azurfa amma ba ya kama farin ƙarfen da ake jabun da shi ma, saboda haka wannan gwajin bai isa ba. Shagon ba shi da ƙaramin sikeli, wannan babban gibi ne a wurin mai sayar da azurfa. Da na nuna shakka Baba bai yi fushi ba, ya ce shi ma sayowa yake, in ina so in je da shi wajen masu gwal a auna in bai cika ba in dawo masa da kayansa. Na yaba da hakan amma baƙon da ya zo sau ɗaya daga nesa ba zai yi wannan zirga zirgar ba, zai biya ne ya tafi. Haka sulallan Turawa masu bishiyar kwakwa, na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, daga baya aka koma ruwan tagulla, to ku duba shekara da kala kafin a ce muku azurfa.

Kuɗin Biyafara na alminiyum na 1969 ma yana da 'yan kaɗan a gilas, ya sa musu kuɗi sosai, ban saya ba.

Wata matsalar ita ce datti da laima. Kun san Legas, iskar teku da damina ba sa barin ƙarfe, wasu ƙullin in ka kwance za ka tarar jaridar ta jiƙe ta bushe ta manne, kwabban tagulla sun yi kore, wani koren ya riga ya ci ƙarfen ba ya gyaruwa kuma yana kama na kusa da shi. Ku taɓa ƙullin kafin ku biya, in takardar ta yi tauri ko tana warin laima a canza muku, yana canzawa ba gardama. A gida mu ruwa da ɗan sabulu kawai muke sa wa masu ƙasa a jiki, a ɗauraye a shanya a kan tawul su bushe sarai, banda lemon tsami banda toka banda soson ƙarfe, na san hannun iyaye mata yana ƙaiƙayi in sun ga abu ya yi baƙi amma a daure. Kundin roba mai aljihuna da yake sayarwa ban ba da shawararsa ba, robar mai laushi ce mai wari, irinta in ta daɗe a zafi tana fitar da wani maiƙo kore a jikin kuɗin. Ƙananan ambulan na takarda sun fi, a rubuta shekara da ƙasa da abin da ke jiki a baya, a zuba a gwangwanin biskit tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi. Rubutun ambulan ɗin ma babbar ce ke yi, ta buɗe littafi guda tana jera abin da muke da shi da abin da ya rage, yanzu saitin 1959 saura ɗari ya cika.

Masu ƙananan yara a kula don Allah, anini ƙarami ne kuma mai rarrafe komai baki yake kaiwa, mu sai an kwantar da autar ake baje tabarma, in an gama a ƙirga a tattara a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Wanda yake tunanin zai sayi ƙulli ya samu abin da zai sayar ya yi kuɗi, gaskiya ba nan ba ne, yawancin abin da ke ciki an buga shi da yawan gaske, kuma saɓanin na Amurka wanda ba ka so ba inda za ka mayar a ba ka kuɗinka. Abin da Baba yake yi dai, in ka tara masu maimaituwa ka kawo yana karɓa ya musanya maka da wani abu, ba da daraja ɗaya ba amma ya fi su zauna a gida, mu kuma wasu muna ba 'ya'yan maƙwabta da suka fara sha'awa, har ɗan maƙwabcinmu Bayerabe yanzu ranar Lahadi yana gidanmu da nasa gwangwanin, kakarsa ma ashe tana da sauran sulalla a ƙasan akwati.

Wajen mu'amala ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Yana da haƙuri da yara, zai bar su su tsuguna gaban daro suna tonawa suna tambaya, Baba wannan fa, Baba wannan na wace ƙasa ne, yana amsawa yana jikokina ku bi a hankali, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Ba ya matsa maka ka sayi na gilas. Shagon dai ƙarami ne kuma da duhu ciki, in ba wuta sai kun fito bakin ƙofa ko ku haska fitilar waya kafin ku ga shekara.

Daga Agege tafiya ce, mu da safe muke fita ranar Asabar kafin gosulon hanyar Lekki ya taru, in damina ce ku sa takalmin da ba kwa jin tausayinsa don hanyar shiga kasuwar tana riƙe ruwa. Ranar Juma'a yana rufewa tun kafin azahar sai bayan an sauko, ba shi da POS amma yana karɓar taransifa ta wayar yaronsa, ku zo da gilashin ƙara girma da maganaɗisu naku, wanda kuma yake da niyyar liyari ya aro ƙaramin sikeli wajen masu gwal ya taho da shi.